Wa Zai Koyar da Yaran Ƙasa? Nazari a Kan Makarantu Masu Zaman Kansu a Nijeriya

Abin karantawa: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, Yakubu 2:1-9, Yakubu 5:1-6

Idan watan Satumba ya kama, magana ɗaya ce ke hana iyaye barci a gidaje da yawa, wato kuɗin makaranta. Uba ya fitar da buhun masara ya kai kasuwa tun farashi bai tashi ba, uwa ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasa kafin lokacinta, duk domin a kai yaro makarantar kuɗi. Alhali kuwa ga makarantar gwamnati can a bakin hanya, wadda doka ta ce kyauta ce. Mutum ba ya barin abin kyauta ya tafi ya saya sai da dalili. Bin sawun wannan dalili shi ne aikin wannan nazari, domin ekklesiya ba 'yar kallo ba ce a cikin al'amarin. Tana cikin masu makarantun, membobinta ne ke koyarwa a ciki, membobinta ne kuma ake kora wa 'ya'ya gida idan kuɗi bai cika ba.

Sa'ad da aka ce "masu zaman kansu", ana nufin duk wanda ya kafa makaranta ba da kuɗin gwamnati ba. A ciki akwai ekklesiyoyi da ƙungiyoyin Musulmi, akwai ƙungiyoyin ci gaban gari da suka haɗa kuɗi suka gina wa yaransu sakandare, akwai kuma ɗan kasuwa ko malamar da ta yi ritaya ta buɗe aji uku a bayan gidanta. Manufarsu ba ɗaya ba ce, amma dukansu suna ɗauke da wani sashe na kayan da tsarin mulki ya ɗora a kan gwamnati.

Kafin gwamnati ta shigo

Mutane da yawa suna zaton makarantar kuɗi baƙuwa ce da ta zo bayan makarantun gwamnati sun lalace. Tarihi ya nuna akasin haka. Ilimin boko ya shigo ƙasar nan a hannun masu zaman kansu ne, gwamnati kuwa daga baya ta biyo. 'Yan mishan na Methodist sun sauka Badagry a 1842, ba da jimawa ba suka buɗe makaranta. A 1859 mishan ta CMS ta kafa makarantar sakandare ta farko a Legas. A 1895 aka buɗe makarantar Hope Waddell a Kalaba, inda ake haɗa karatu da koyon sana'a. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta gina sakandaren kanta a Legas ba sai a 1909, shekara hamsin cif bayan ta CMS.

Abin da gwamnati ta fara yi shi ne ba da gudummawa. Tun daga dokokin ilimi na 1882 da 1887, makarantar da ta cika sharuɗɗa, aka duba ta aka ga ɗalibanta suna cin jarrabawa, sai a ba ta wani abu daga baitulmali. Mai makaranta ya kawo fili da gini da malamai da tarbiyya, gwamnati ta kawo ƙa'ida da sufeto da ɗan kuɗi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tsari a zuciya, gama za a sake komowa kansa. Ko kukan da ake yi yau game da makarantun da ke tsirowa kamar ciyawar damina ba sabo ba ne. Saboda irin wannan kuka aka yi dokar 1926 a Kudu, wadda ta wajabta yi wa malamai rajista, ta hana buɗe makaranta ba izini, ta kuma ba hukuma ikon rufe wadda ba a tafiyar da ita daidai.

A Arewa labarin ya ɗauki wata hanya. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita aikin mishan a masarautu. A can akwai dubban makarantun allo da na ilimi tun ƙarnoni, su ma ba gwamnati ce ke riƙe da su ba, malamai da jama'a ne. Gwamnati ta buɗe tata makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909 a hannun Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, daga baya aka kafa Kwalejin Katsina. 'Yan mishan kuwa suka nufi ƙasashen da ba a hana su ba. SUM ta fara a Wase a 1904, ta kafa cibiyar horarwa a Gindiri a 1934. Mishan ta 'Yan'uwa ta fara a Garkida a 1923, daga bisani ta gina makarantun Waka kusa da Biu. SIM ta yi nata a Kagoro da Egbe da wasu wurare masu yawa. CMS ta sami gindin zama a Zariya ta hannun Likita Miller, har aka koma Wusasa. Daga wannan ƙaramin gari aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon.

Ba daidai ba ne a ba da wannan labari kamar Kirista kaɗai suka yi aikin. A Kudu maso Yamma iyaye Musulmi sun ga 'ya'yansu suna komowa daga makarantar mishan da sabon suna da sabon addini, abin ya dame su ƙwarai. Suka tashi suka kafa nasu. Ƙungiyar Ansar-Ud-Deen, wadda aka kafa a Legas a 1923, ta gina makarantu masu yawa inda yaro zai sami boko bai rabu da addinin gidansu ba. Ko ilimin firamare kyauta da gwamnatin Awolowo ta fara a Jihar Yamma a 1955, a kan bayan makarantun ƙungiyoyi ya hau, gwamnati tana biyan kuɗi.

Shekarun ƙwace

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Jihar Gabas ta Tsakiya a ƙarƙashin Ukpabi Asika ta fitar da doka ta karɓe dukan makarantun mishan da na masu zaman kansu. Sauran jihohi suka bi sahu, kowace da irin salonta. A Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama Kaduna, har sunaye aka sauya: St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena. Abin lura shi ne, yawancin wannan ya faru ne a zamanin mulkin Gowon, ɗan mai bishara, wanda shi kansa a makarantar mishan ya fara karatu. A wasu wurare kuwa, kamar Gindiri, sakandare ta ci gaba da zama a hannun ekklesiya.

Dattawa da yawa har yau ba sa ambaton wannan ƙwace sai da ɗacin rai, suna da hujja kuwa. An karɓe gine-ginen da matalauta suka yi da gumin goshinsu, mata sun ɗebo ruwa da yashi, maza sun buga tubali, sau da yawa kuma ba a biya diyyar kirki ba. Amma nazari na gaskiya ba zai ɓoye ɗaya gefen ba. A Gabas an yi ƙauyuka inda ɗariku biyu suka kafa makarantu biyu suna kallon juna saboda gasa, ƙauyen da ke gaba kuma ba shi da ko ɗaya. Malaman mishan suna karɓar abin da bai kai na takwarorinsu na gwamnati ba, kuma ana iya sallamar malami a kan abin da bai shafi aji ba. Shi ya sa malamai da yawa suka yi murna da ƙwacen. Ga kuma ƙasa ta fito daga yaƙi tana neman abin da zai haɗa kan yaranta, ga kuɗin mai ya fara kwarara, gwamnati tana ganin babu abin da zai gagare ta.

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE. An yi shiri domin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Aka horar da malamai a gaggauce, aka zauna a gindin itatuwa. Duk da haka shirin ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo da alli ba, mutane da yawa da ke riƙe da manyan ayyuka a yau ta wannan ƙofa suka shiga. Sai farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya biyo baya a 1986. Albashin malamai ya riƙa makalewa wata da watanni, rufin aji ya yaye ba mai gyarawa, sufeto ya daina zuwa. Wanda ya haɗiye taɓarya, in ji Hausawa, zai kwana a tsaye.

Yadda makarantar kuɗi ta dawo

Wata shari'a ta buɗe hanya. A 1980 gwamnatin Lateef Jakande a Legas, wadda ta ɗauki alkawarin ilimi kyauta da gaske, ta ba da sanarwar soke makarantun firamare masu zaman kansu. Akbishop Anthony Okogie da wasu suka kai ƙara. A 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa 'yancin da tsarin mulkin 1979 ya ba kowa na kafa hanyar yaɗa ilimi da ra'ayi ya haɗa da makaranta. Gwamnati tana da ikon sa ƙa'ida, amma ba ta da ikon hana ɗan ƙasa kafa makaranta, ko hana iyaye zaɓen inda za su kai 'ya'yansu.

Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa, har ya wuce tunanin kowa. Ƙidayar da aka yi a Jihar Legas tsakanin 2010 da 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu sama da 12,000, kusan kashi uku cikin huɗu kuma ba su da izinin hukuma. Abin da ya fi ba masu bincike mamaki shi ne yawancinsu ba na masu hali ba ne. Suna cikin unguwannin talakawa irin su Makoko, inda masunci da mai talla ke biyan kuɗi kaɗan-kaɗan. Dalilan iyayen ba boyayyu ba ne, duk wanda ya zauna a Jos ko Lafiya ko Jalingo zai gane su. Makarantar tana kusa, ƙaramin yaro ba zai tsallake babban titi ba. Malami yana zuwa aji kullum, domin mai makaranta yana tsaye a kansa. Idan yaro ya gama aji biyu bai iya haɗa baƙi ba, uwa ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, kuma za a saurare ta, gama kuɗinta ake bukata.

A matakin jami'a tafiyar ta fi gargada. An yi yunƙurin kafa jami'o'i masu zaman kansu a farkon shekarun 1980, gwamnatin soja ta rufe su da doka a 1984, wata dokar ta 1993 ta sake buɗe ƙofa. A 1999 aka ba Igbinedion da Babcock da Madonna lasisi. A 2005 aka sami Bingham ta ECWA a Karu, da Al-Hikmah a Ilori, da jami'ar Musulunci ta Katsina wadda ake kira Al-Qalam. Zuwa 2023 adadinsu ya haura 140, sun fi na tarayya da na jihohi yawa idan aka haɗa. Amma ɗalibansu ba su kai ɗaya cikin goma na ɗaliban jami'o'in ƙasar ba. Abin da suke sayarwa mafi daraja shi ne tabbacin lokaci. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata takwas, ɗalibin jami'ar kuɗi kuwa bai rasa ko mako ɗaya ba.

Lissafin da ba a karantawa a majami'a

A nan ne nazarin ya zo gida. Kusan kowace babbar majami'a a gari tana da nazare da firamare a harabarta. Akan fara da kyakkyawar niyya, a yi baiko na musamman, zumuntar mata ta sayi kujeru, matasa su yi aikin gayya. Bayan shekara biyar sai a tarar 'ya'yan waɗanda suka ɗauki yashin ba sa cikin makarantar, domin kuɗinta ya fi ƙarfinsu. Wannan ƙorafi an fi jin sa game da jami'o'in ekklesiyoyi, amma yana nan har a ƙaramar firamare.

Kafin a yanke wa kwamitin makaranta hukunci, yana da kyau a zauna a yi lissafi. A ɗauka, domin misali kawai, makaranta tana da yara 180, kowanne yana biyan naira 15,000 a zango. A zango uku kuɗin ya kama naira 8,100,000. Tana da malamai takwas da hedimasta ɗaya. Idan za a biya kowannensu mafi ƙarancin albashi da aka kafa a 2024, wato naira 70,000 a wata, albashin shekara zai cinye naira 7,560,000. Abin da ya rage naira 540,000 ne, daga ciki za a sayi alli da littattafai, a gyara rufi, a biya mai gadi, a biya kuɗin sabunta rajista. Wannan fa idan kowane yaro ya biya ke nan, kuma duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin makaranta ya san ba a taɓa yin haka ba.

To, ina ake cike giɓin? Hanya uku ce. Ko a ƙara kuɗi, matalauci ya fita. Ko a cusa yara sittin a aji ɗaya, a koma gidan jiya. Ko kuwa a matse malami, wannan ita ce hanyar da aka fi bi domin ita ce ba ta da hayaniya. A ɗauki yarinyar da ta gama sakandare tana jiran jami'a, a ba ta abin da bai isa kuɗin mota ba, a ƙi biyan ta watannin hutu. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa bisa manufar ilimi ta ƙasa, akwai kuma hukumar rajistar malamai tun 1993, amma mai NCE ba ya daɗewa a irin wannan albashi. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka yawancin ƙananan makarantu ba su karya doka ba. Sai dai babi na biyar na wasiƙar Yakubu bai san wannan togaciya ba. Yana magana a kan hakkin ma'aikaci da aka danne, bai kuwa ce sai ma'aikata sun kai wani adadi ba. Babi na biyu kuma, wanda ya tsawata a kan fifita mai kuɗi a wurin zama cikin taro, yana da wuya a ce ya tsaya a ƙofar majami'a bai ƙetara zuwa ajin da ke bayanta ba.

Akwai wata cuta da gasa ta haifa. Tun da sakamakon jarrabawa shi ne tallar makaranta, wasu masu makarantu sun mai da ɗakin jarrabawar WAEC da NECO kasuwa. A biya wani kuɗi na musamman, a rubuta amsa a allo. Jama'a har sun raɗa wa irin waɗannan wurare sunan cibiyoyin mu'ujiza. Laifin ba na mai makaranta kaɗai ba ne. Iyaye ne ke cire yaro daga makarantar da ta ƙi yin haka a shekararsa ta ƙarshe, su kai shi inda za a "taimake shi", wasunsu kuwa masu riƙe da muƙami ne a ekklesiya.

Abin da ba a iya sayarwa

Maimaitawar Shari'a ta ɗora koyar da yara a wuyan iyaye, a gida da kan hanya, safe da dare. Wannan nauyi ba ya sauka domin an biya kuɗin zango. Haka kuma nauyin gwamnati ba ya sauka domin 'yan kasuwa sun buɗe makarantu. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta ba da ilimin firamare kyauta kuma dole, dokar UBE ta 2004 ta mai da shi shekara tara, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin haka, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata rabon kafin ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a asusun domin jihohi da dama ba su kawo nasu ba. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa wajen miliyan 20 ba sa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu kuma a Arewa.

Waɗannan yara kasuwa ba za ta kai gare su ba. Ɗan kasuwa yana buɗe makaranta inda akwai mai biya. Ba zai tafi ƙauyen da ke kan dutse ba, ko rugar makiyaya, ko sansanin waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A dā 'yan mishan sun je irin waɗannan wurare domin akwai masu bi a Ingila da Amurka da Denmak da ke aiko da kuɗi, ga kuma gudummawar gwamnati. Yau duka biyun babu. Akwai ma wata hasara da ba a cika lura da ita ba. Sa'ad da kwamishina da sakataren ilimi da fasto da mai unguwa duk suka kwashe 'ya'yansu daga makarantar gwamnati, ba sauran mai murya da zai yi faɗa idan malami bai zo ba. Makarantar ta zama ta marasa galihu kaɗai.

Kamfanoni ma suna da hannu, ko da yake ba a ganinsa. A 1993 aka fara karɓar harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari daga ribarsu, ya kai kashi 3 a 2023. Yawancin sababbin gine-ginen da ke jami'o'i da kwalejojin gwamnati masu ɗauke da sunan TETFund daga wannan kuɗi suka fito.

Mayar da makarantu ga masu su na asali ya nuna hanya biyu. A 2001 Jihar Legas ta mayar da makarantu 48, suka koma karɓar kuɗi, gine-gine suka gyaru, amma yaran da iyayensu ba su iya biya ba suka nemi wani wuri. A 2011 Gwamna Peter Obi na Anambra ya mayar da firamare 1,040 ga ekklesiyoyi, ya haɗa da tallafin naira biliyan 6, gwamnati kuma ta ci gaba da biyan albashin malamai. Wato ya koma kan tsohon tsarin gudummawa: ekklesiya ta riƙe kulawa da horo, baitulmali ya riƙe albashi, yaron talaka bai bar kujerarsa ba. A shekarun da suka biyo baya jihar ta kasance a sahun gaba a jarrabawar WAEC. Ba za a ce mayarwar kaɗai ta jawo haka ba, kuma tsarin yana da tambayarsa mai nauyi a jihohin da addinai suka cakuɗa: idan makarantar gari ɗaya tak ta koma hannun wata ɗarika, ina matsayin yaron da ba na wannan addini ba? Duk ekklesiyar da ke neman a mayar mata da makaranta a Kaduna ko Nasarawa ko Adamawa, ya kamata ta shirya amsar wannan tambaya a rubuce kafin ta shiga ofishin gwamna, ta kuma san ko da malamai da albashinsu take roƙo, ko kuwa fili da gini kaɗai.

Domin tattaunawa

1. Idan majami'ar masu nazarin tana da makaranta, yara nawa ne a cikinta ke karatu ba tare da biya ba, wa ke zaɓensu, kuma daga wane asusu ake biya musu? Nawa ne albashin malamin da ya fi kowa ƙarancin albashi, ana kuma biyansa a watan Agusta?

2. Membobi nawa ne ke koyarwa a makarantar gwamnati mafi kusa, kuma yaushe rabon da wani dattijon ekklesiya ya halarci taron iyaye da malamai a can?

3. Wata gwauruwa tana bin makarantar ekklesiya da zango biyu ba ta biya ba, malamai kuma suna bin makarantar albashin wata biyu. Me kwamiti zai yi ranar Litinin da safe?